Amsa: Mayar da AC ɗin tsohuwar Marsandi daga R12 zuwa R134a

Malam, ka ce Marsandinka 190 ce ƙirar 1989, gas ɗin AC ɗinta ya ƙare, tsohon gas ɗin R12 kuma ya yi wuyar samu, ko za ka iya ɗura mata R134a, gas ɗin da ya maye gurbinsa, kai tsaye? A'a, kada ka yi.

Matsalar tana wajen mai. R12 da man ma'adinai yake tafiya, shi kuwa R134a ba ya gauraya da wannan man, don haka ba zai zagayo da shi zuwa kwamfuresa, wato famfon da ke matsa gas ɗin, ba. Kwamfuresa ta bushe, ta ƙone. Sai a kwance AC ɗin, a wanke layukan, a zuba man POE, wanda ya fi haƙuri da ragowar tsohon mai a kan man PAG, ɗayan man da ake amfani da shi da R134a. A canza draya, wato tukunyar da ke tsotse danshi, a sa sababbin robobin haɗi koraye, a ɗaura bakunan ɗura gas na R134a. Daga nan a zuƙe iska da injin bakum na aƙalla minti 30. Wannan matakin ne wasu masu gyara ke tsallakewa, kuma shi ya fi damuna, domin danshi in ya zauna ciki yana cin ƙarfe.

Kada a cika ta kamar da. Kashi 80 cikin 100 na nauyin R12 da aka rubuta ya isa.

Sanyin zai ɗan ragu, musamman a cunkoso lokacin bazara. Ƙarin fanka a gaban kwandensa, wato lagireton AC, na taimakawa sosai. Gas ɗin girki kuma, ko wa ya ce maka yana yi a AC, ka ƙi, wuta yake kamawa.