Tambaya da Amsa: Ya zan koyar da darasin mahaɗar kogi da teku alhali ba mu da teku?

Tambaya: Salam Malam. Ina koyar da ƴan aji biyar a firamare, an ce in yi musu darasi kan inda kogi ke shiga teku da dabbobin wurin, kuma sufeto zai zo duba kayan koyarwa. Yaran nan ko a mafarki ba su taɓa ganin teku ba. Na ce ko in kai su kududdufin bayan makaranta su tsinto dodon koɗi da ƴan kifaye? Wallahi hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikissalam Malama. Kayan aikin na nan a kicin ɗinki. Ki samu gilas, ki narka gishiri giram 35 a lita ɗaya na ruwa, kimanin gishirin teku kenan, ki ɗan sa masa shuɗi, sai ki tsiyaya ruwan famfo a hankali ta bayan cokali. Za su ga na famfon ya hau sama, mai gishirin ya kwanta a ƙasa, in kika girgiza su gauraye, toh aikin da igiyar teku ke yi kenan a bakin kogi, tana shigowa tana janyewa sau biyu a rana. Ki sayo kirefish na ɗari biyu a kasuwa su taɓa su shinshina, ƙananan jatan lande ne, da yawansu daga Oron ake kawo su, bakin Kogin Kuros Riba. A taswira su bi Kogin Kwara da yatsa daga Yawuri zuwa Lakwaja har Neja Delta, inda itatuwan mangurob suke tsaye da saiwoyinsu cikin laka, ƙaguwa da ƴaƴan kifi na fakewa a ciki, har da ayu.

Amma maganar kududdufi, dan Allah ki bar ta. Na farko ma ba gishiri a ciki, ba darasin ba ne. Na biyu ƙananan dodon koɗin nan su ke ɗauke da tsutsar tsargiya, kuma ba sai yaro ya sha ruwan ba, wannan shi ne abin da na gaji da maimaitawa, ta fata take shiga, ya tsoma ƙafa na ƴan mintuna ya isa. Bayan wasu watanni ya fara fitsarin jini sai ka ji babba da gemunsa yana cewa ai balaga ce ta zo. Wace irin balaga? Ƙwayayen tsutsa ne ke yi wa mafitsararsa rauni, in aka bari shekaru har ƙoda suke taɓawa. Sannan mai lasifika a tasha ya ce sanyi ne, ya sayar wa uban jiƙo a gora, yaro na ta ƙarewa, ga maganin tsargiya Praziquantel nan ana rabawa kyauta a makarantu amma wai an ji ance na hana haihuwa ne. Haba jama'a! Ƴaƴan mutane amana ne a hannunki Malama, in sufeto hoto yake so ya ɗauki na gilas ɗin. Kuma ki tambayi ajin a asirce ko akwai mai ganin jini a fitsari, ki tura iyayensa asibiti.