Mita ta ce 74,000, in yarda da ita?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makaranta ne a Zariya, na shekara uku ina zubin adashe don in sayi mota. Yanzu na samu Corolla guda biyu, duka ƙirar 2010. Ɗaya 'yar Beljiyam ce, ba ta daɗe da sauka ba, mitarta na nuna 168,000. Ɗayar an hau ta a nan gida, tana nuna 74,000, kuma ta fi araha. Abokaina sun ce kada in kuskura in sayi motar da ta haura 100,000. Tafiya nawa ce ta yi wa mota yawa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa a saya a sa'a. Kuɗin adashe ba na wasa ba ne, don haka bari mu bi abin a hankali.

Kafin komai, koma ka duba abin da aka rubuta kusa da lambar, mil ne ko kilomita. Mu dai duk motar da ta ƙetaro teku Beljiyam muke ce mata, alhali Corolla irin wannan galibi daga Amurka take zuwa, su kuwa da mil suke lissafi. Ta Kanada da ta yawancin ƙasashen Turai kilomita ce. Mil ɗaya ya ɗan haura kilomita ɗaya da rabi, wato in 168,000 ɗin nan mil ne, motar ta ci kusan kilomita 270,000. Na san gabanka ya faɗi. Dakata tukuna.

Raba lambar da shekarun motar. A Amurka mai mota kan yi wajen mil 12,000 a shekara. Motar 2010 ta kai shekara 15 a kan titi, ka ga 168,000 ya zama kimanin mil 11,000 ke nan duk shekara, daidai da shekarunta. Yanzu yi wa ta biyun wannan lissafi: bai kai 5,000 a shekara ba. Motar da ta yi rayuwa a waje, ta zo nan wani ya yi ta hawa, a ce ita ce mai wannan 'yar lamba? Yana yiwuwa, akwai tsohuwar da masallaci da kasuwa kawai take zuwa. Amma a shekarun da na yi ina leƙa ƙarƙashin motoci, irin waɗannan tsofaffin ba su kai yawan motocin da ake jingina musu ba.

Mayar da mita baya ba wani aiki ba ne. Mutane na zaton tunda ta zama ta lantarki ba a iya taɓa ta, alhali da 'yar kwamfuta ake yi, kafin ka gama shan shayi an gama. Na taɓa raka wani ƙanena duba Camry a wajen wani dillali, mita na nuna 96,000. Ina buɗe ƙofar direba sai ga 'yar takardar masu juyen baƙin mai manne a jikin ƙarfen, an rubuta a dawo juye a 191,000. Dillalin ya ce ai Turawa ne suka yi kuskuren rubutu. Muka yi masa sallama.

Saboda haka ni ban fi yarda da mita ba sai jikin motar ya ba ta shaida. Dubi robar birki da ta totur: in sun suɗe har ƙarfe ya fito, ba motar 74,000 ba ce. In kuma sababbi ne fil a tsohuwar mota, nan ma tambayi dalili. Shafa sitiyari da kan giya, ka ga ko sun yi santsi. Zauna a kujerar direba ka ji ko soson ya mutu ta gefen da ake shiga. A jikin gilashin gaba, ta ɓangaren direba, akwai lambar shasi mai haruffa da lambobi 17. Motar Amurka ana iya bincika tarihinta da wannan lamba a Carfax, wani shafin intanet mai tattara tarihin motoci, a ga mil nawa aka rubuta mata a can, a ga kuma ko kamfanin inshora ne ya yi gwanjonta bayan haɗari ko ambaliya. Motar da ta sha ruwa ita na fi tsoro, ko da mitarta 40,000 ce, domin wayoyinta ba sa daina ba da wahala. Ɗaga kafet ka sunsuna.

Abin da abokanka ba su faɗa maka ba shi ne, tafiya ma suna ta tara. Mil ɗari a babban titin Amurka, injin na tafiya bai ɗaya, ba ya cin mota kamar kilomita ashirin a cunkoson Sabon Gari da rana tsaka, ga ƙura, ga gargada, ga baƙin man da aka auna a galan ba a san asalinsa ba. Injin 1.8 da ke cikin wannan Corolla sarƙa gare shi maimakon bel ɗin tayimin, wato bel ɗin da ke daidaita juyawar sassan inji, kuma in ana yi masa juye a kan lokaci, haura mil 200,000 ba abin mamaki ba ne a wurinsa. Da Peugeot 406 ka ce mini, da na ce ka fara tambayar yaushe aka canza bel, don in ya tsinke a hanya injin ne ke tafiya.

Ga yadda za ka yi. Ɗauki bakaniken da ka yarda da shi, ba wanda dillali ya nuna maka ba, ka biya shi kuɗin ranarsa. Ku je da sassafe, injin na sanyi, don injin da aka riga aka ɗuma yana ɓoye ƙara. A tayar, kai ka tsaya a bayan salansa: shuɗin hayaƙi na nufin tana shan baƙin mai. Buɗe murfin baƙin mai, in ka ga baƙin kunu ya daskare a ciki, an yi sakaci da juye. In ya yi kalar madara, ruwa na haɗuwa da mai. Ku hau titin Kaduna ku ji yadda giya ke shiga, kada ta riƙa fizga. A shiga ƙarƙashinta a duba tsatsa, domin a jihohin da ake ƙanƙara gishiri suke zubawa a titi, yana cin ƙarfe. Sannan takardun kwastan, a tabbatar lambar shasin ta yi daidai da ta jikin motar.

In ka matsa sai na ba ka lamba: Corolla mai wannan shekaru, daga mil 150,000 zuwa 200,000 ba ya hana ni barci in tarihinta a fili yake. Tsakanin waɗannan biyun, mai 168,000 zan fara kai wa bakanike. In ta biyun ce ta kwanta maka a rai, nemi lambar shasinta a duba tukuna, ka lura da fuskar mai ita lokacin da kake kwafe lambar.