Amsoshin Tambayoyinku: Tsoron Tsayi, Kwanan Tanti da Jabun Takalmi

Wani matashi ma'aikaci daga Kano ya rubuto cewa abokan aikinsa sun shirya tafiya Jos a ƙarshen mako, za su hau duwatsun Shere su kwana a tanti, kuma ya riga ya biya kuɗin mota. Damuwarsa ita ce ko bene mai hawa uku ya leƙa sai ƙafafunsa su yi sanyi, kuma yana jin kunyar faɗa wa abokan tafiyar. Yana tambaya ko ya fasa, ko kuwa akwai abin da zai saya ya rage masa tsoro.

Ƙanena, kada ka fasa, kuma ka daina jin kunya, domin abin da ke damunka yana damun mutane da yawa waɗanda ba su da ƙarfin halin rubuto wasiƙa. Jikin mutum yana tsayuwa daidai ne da taimakon ido, wato yana auna kansa da bango ko bishiya ko ƙasar da ke kusa da shi, to idan ka tsaya a gefen dutse ido ya rasa abin kamawa sai sarari, jiki ya fara ɗan lilo, zuciya ta ɗauka faɗuwa za a yi. Saboda haka maganin farko shi ne ka riƙa kallon taku biyu ko uku da ke gabanka, idan kuma jiri ya taso ka zauna, ka dafa dutse da hannu, ka ja numfashi a hankali har ya wuce. Ƙololuwar Shere ta kai mita 1,829 daga matakin teku, amma kada adadin ya firgita ka, garin Jos kansa yana sama da mita 1,200, kuma mafi yawan hanyar tafiya ce a tsakanin manyan duwatsu, sai wurare kaɗan da ake buƙatar hannu. Babu wanda ya wajabta maka kaiwa ƙarshe. Kafin ranar, ka hau Dala sau biyu ko uku da yamma, ka tsaya nesa da gefe ka kalli gari, gobe ka ƙara matsawa kaɗan, domin a hankali ake sabawa da irin wannan tsoro. Mutanen Zariya suna da Kufena don irin wannan gwaji. Sannan ka zaɓi mutum ɗaya mai hankali a cikin ayarin ka gaya masa gaskiya, ya riƙa tafiya kusa da kai, musamman wajen saukowa, domin a nan ne ido ke fuskantar ƙasa kuma a nan ne gwiwa ta riga ta gaji. Abin da na hana ka shi ne shiga kemis ka sayi maganin kwantar da hankali ko na barci, domin yana kashe kuzari ya rage maka daidaiton tsayuwa a daidai wurin da ka fi buƙatarsa. Idan kuwa hajijiyar tana kama ka ko kana kwance a gado, ko kana da hawan jini, wannan maganar likita ce kafin maganar dutse.

Abin saye ɗaya ne zai rage maka tsoro da gaske, shi ne takalmin da ba ya santsi, kuma wannan ya kawo ni ga wasiƙa ta biyu. Wani ɗalibi ya ce ya ga takalmin hawan dutse a Instagram mai ɗauke da sunan Timberland, sabo fil a kwali, a kuɗin da bai kai na buhun siminti biyu ba, yana tambaya ko ya tura kuɗi.

Kada ka tura ko sisi. Na gaji da maimaita wannan magana, amma zan sake, domin duk shekara sai an samu wanda ya sayi suna ya bar takalmi. Takalmin da ake sayarwa da dala a ƙasar waje, a biya kuɗin jirgi da na kwastan, ba zai iso hannunka a farashin silifa mai kyau ba, kuma duk wanda ya san yadda canji yake a yau ya san haka, sai dai son araha ya rufe masa ido. Masu jabu sun ƙware a abin da ido ke gani, wato tambari da kwali da igiya da launi, amma ƙasan takalmin, wanda shi ne ke tsakaninka da dutse, roba ce mai tauri da sheƙi da aka manna da gam. A kan kwalta ba za ka gane ba. Ranar da ka taka dutse mai raɓar asuba ne za ta nuna maka halinta. Na taɓa tafiya da wani yaro da ya sayi irin wannan a wani shago da ba zan ambata ba, tun kafin mu yi rabin hanya ƙasan takalminsa na dama ya buɗe baki kamar kada, muka ɗaure shi da igiyar tanti, ya sauko yana jan ƙafa, kuɗin da ya yi murnar ya rage kuma ya ƙare a wajen mai ɗori saboda targaɗe. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne irin waɗannan samarin sukan kashe kuɗi a gilashin ido da hula da jakar da ta dace da launin riga, don hoto, sannan a zo kan takalmi a ce a lallaɓa.

Gara ka je kasuwar Ƙofar Wambai a Kano, ko Katako idan kana Jos, ka nemi gwanjo na asali, amma shi ma da sharaɗi, domin takalmin da ya daɗe a ajiye soson da ke tsakanin tafinsa yakan ruɓe ko da samansa na ƙyalli, ya riƙa marmashewa kamar tsohon burodi. Ka lanƙwasa shi, ka murɗa shi kamar mai matse wanki, ka duba ko gefen yana tsagewa ko yana zubar da gari. Ka danna ƙasan da farce, roba mai kyau takan ɗan shiga ta dawo, kuma zanen ƙasan ya kasance mai zurfi bai cinye ba. Ka gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safa mai kauri, ka bar sarari kamar faɗin babban yatsa a gaba, in ba haka ba farcenka ne zai biya wajen gangara. Daga nan ka kai wa mai gyaran takalmi ya zagaye shi da ɗinki, kuɗin bai taka kara ya karya ba, sannan ka yi mako biyu kana yawo da shi. Wanda ya sa sabon takalmi ranar tafiya ya sayi bororo da kuɗinsa. Idan duk wannan ya gagara, kambas ɗinka na motsa jiki da ƙafarka ta saba da shi ya fi jabun da ke cikin kwali.

Wani kuma yana tambaya ko ya sayi igiya a kasuwa ya ɗaura a ƙugu don ya samu natsuwa. Igiyar guga ce ko ta shanya kake nufi? Igiyar masu hawan dutse an yi ta ne ta riƙa miƙewa ta shanye ƙarfin faɗuwa, tana da ɗamara da ƙarafunanta, kuma sai an koya kafin a yi amfani da ita. Wadda ke kasuwa in ba ta tsinke ba za ta karya maka baya, ko ka jawo wanda ke riƙe da ita ku tafi tare. Hanyar da ba ta hawuwa sai da igiya ba taka ba ce, ka juya.

Wata baiwar Allah daga Bauchi ta ce ɗanta zai yi irin wannan tafiya a watan Disamba, ta kasa barci, tana tambayar abin da za ta haɗa masa. Hajiya, hankalinki ya kwanta, tambayarki ta fi ta samarin ma'ana. Sanyin Filato a lokacin hunturu ba irin wanda kuka saba da shi ba ne, kuma yawancinsa daga ƙasa yake shiga jiki, don haka tabarma da abin shimfiɗa mai kauri sun fi ƙarin bargo amfani, sai rigar sanyi da hula da safa. Ki ja masa kunne da babbar murya kada su shigar da gawayi ko risho cikin tanti su rufe, domin iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. Ya ɗauki ruwa aƙalla lita uku na yini, da ƙullin gishiri da sukari na kemis, da tocila ta gaske ban da ta waya, guzuri kuwa dabino da ƙuli-ƙuli da kilishi da garin kwaki sun wadatar. Ya kakkaɓe takalminsa kowace safiya saboda kunama, kada ya cusa hannu a ramin dutse, idan kuma tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, ba a tsagawa ba a tsotsa ba a ɗaurewa tamau, asibiti ake nufa kai tsaye. Tanti kuwa kada ki saya don kwana biyu, su yi aro ko haya, su kafa shi a tsakar gida tukuna su ga ko ƙarafunansa sun cika. Abin da ya fi duk wannan shi ne tsaro: su yi tafiyar mota da rana, su nemi ɗan jagora ɗan yankin, su gaida mai unguwa su tambaye shi inda ake kwana da inda ba a kwana, kuma su bar miki sunan wurin da lokacin da za su sauko. Idan mutanen gari suka ce kada a kwana a dutse, su hau da safe su dawo masauki a cikin gari, ba a yi asarar komai ba.

Mai tambaya ko zai iya zuwa Chappal Waddi ranar Asabar ya dawo aiki Litinin, ya buɗe taswira. Dutsen yana Taraba ne, a gandun Gashaka-Gumti kan iyakar Kamaru, tsayinsa mita 2,419, kuma isa gindinsa kaɗai zai cinye masa hutun.

Shi kuma wanda ke son in zaɓa masa wayar da ta fi ɗaukar hoto a bakin dutse, wadda ke hannunsa ta isa. Ya zauna kafin ya ɗauka, kuma kada ya ja da baya yana kallon allo.