Tambaya da Amsa: Ofishin da ba zai cinye kuɗin janareto ba

Tambaya: Ƙungiyarmu ta tallafa wa marayu ta samu fili a bayan gari, za mu gina ofis mai ɗaki shida. Kuɗin man janareto ya ishe mu a gidan haya. An ba mu shawarar ginin ƙasa, amma muna tsoron damina. Ina mafita? Daga sakatariyar wata ƙungiya, Katsina.

Amsa: Hajiya, shawarar tana kan hanya, amma kafin maganar ƙasa a fara daidaita fuskar ginin. Dogayen bangayen su kalli kudu da arewa, tagogi su fuskanci juna don iska ta ratsa. Bangon yamma shi ke shan ranar la'asar, sai a sa sito da banɗaki a can.

Bulon da muke nufi shi ne na jar ƙasa da ake matsewa da inji, a zuba siminti kashi 5 zuwa 8 cikin 100. Da irinsa masu zanen gine-gine Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka gina masallacin Dandaji a Nijar, aka gama a 2018. A gwada ƙasar tukuna: a zuba ta a kwalba da ruwa, a girgiza, a bari ta kwanta. Yashi ya fi rabi, ta yi. In laka ta rinjaya, bulon zai tsattsage yana bushewa. Bayan bugawa a rufe da leda, ana yayyafa ruwa, kada a ɗora shi sai ya yi kwana 28. A nan magina suke gaggawa, bulon ya riƙa marmashewa a hannu.

Damina kuwa ta ƙasa da ta sama take shiga. A ɗaga fandisho na dutse ko kankare aƙalla santimita 40 daga ƙasa, saboda danshi da gara. Kwano ya zarce bango da kamar mita ɗaya. A bar tazara tsakanin kwano da silin, iska ta riƙa kwashe zafin, yadda mai zanen gine-gine Francis Kéré ya yi a makarantar Gando ta Burkina Faso a 2001.

Kada a zubar da ruwan indararo. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, wato rufi mai murabba'in mita 200 zai tara kusan lita 4,000 a ruwan milimita 20. A bar na farko ya wanke ƙura kafin a juya bututu zuwa tanki.

Sola ta zo ƙarshe, bayan an lissafa fanka, fitila da kwamfuta nawa za a kunna.