Katakon jita zuwa Jamus: wa ya ga takardar?

Wani ɗan kasuwa daga 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano ya rubuto cewa ɗan yayarsa da ke Jamus ya ce masu ƙera jita na sayen katakon baya da gefen jita da tsada. Yana shirin zuba naira miliyan shida a madobiya daga Taraba, yaron kuma ya ce a bar masa maganar takardun fitarwa.

Alhaji, kuskurenka ɗaya ne: ka bar takardu a hannun wanda ko kobo bai sa ba. Madobiya tana cikin jerin CITES, yarjejeniyar duniya da ke taƙaita cinikin itatuwa da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, tun 2017, kuma a 2018 aka dakatar da cinikinta daga Najeriya saboda yadda aka kwashe dazuka ana lodi zuwa Sin. Maɗaci ma ya shiga jerin a 2023. Wace takarda ce yaron zai samo maka? Ka ce ya turo hotonta, da sunan mai sayen, da odar da aka sa wa hannu. Idan ya fara cewa “Kawu, ba ka yarda da ni ba ne?”, to babu su.

Kamfanin Gibson na Amurka mai ƙera jita, da lauyoyinsa da komai, sai da ya biya tarar dala 300,000 a 2012 kan katakon da ya shigo da shi daga Madagaska. Kai fa? Na san wani da kwantenarsa ta yi wata bakwai a tashar jiragen ruwa, kuɗin ajiya na hawa kullum, ƙanen matarsa da ya ɗauki nauyin takardu ya daina ɗaga waya. Gida mai kwantenar ya sayar.

Ko da takarda ta samu, abin da kake sayar wa kafinta ba shi mai jita ke nema ba. Bayan jita falle biyu ne da aka tsaga daga gungume ɗaya, a buɗe su kamar littafi zanen ya haɗu, kowanne faɗinsa kamar inci takwas, kauri milimita huɗu zuwa biyar, ba kulli, ba tsagu. Danshi kuma kashi shida zuwa takwas cikin ɗari. Zai ɗaga fallen da yatsu biyu, ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne. Wanda bai yi amo ba ya ajiye shi gefe. A gungume guda rabi ko fiye zai tafi a banza, kuma mai ƙera da hannu jita goma sha biyu ko ashirin yake yi a shekara. Wa zai kwashe maka kwantena?

In har zuciyarka na kan sana'ar, duba katakon sapele, wanda ya samo sunansa daga garin Sapele na jihar Delta. Kamfanonin jita na Taylor da Martin duk suna aiki da shi. Yanka saiti goma na baya da gefe, ka busar da kyau, ka je hukuma da ƙafarka ka ji sharuɗɗan fitarwa, ka aika samfur da sunanka. Abin da ya rage na miliyan shidan ya zauna a rumfa har mai saye ya biya kuɗin saitin farko.