Amsa kan Sauyin Ginin Coci a Birnin Milan

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa cocin San Fedele da ke Milan, a ƙasar Italiya, ta zama fili guda mai faɗi, babu jerin ginshiƙai a tsakiya kamar tsofaffin coci. A ganina, ba za a fahimci wannan gini ba sai an koma ga taron shugabannin Katolika na Trent, wanda aka yi daga 1545 zuwa 1563 domin fuskantar ƙalubalen Furotesta da kuma gyara sakacin da ya yi wa cocin katutu.

Carlo Borromeo, babban bishop na Milan, ya ɗauki hukuncin taron da matuƙar muhimmanci. Ya tare a birnin, abin da magabatansa suka daɗe ba su yi ba, ya kafa makarantar horar da limamai, sannan a 1577 ya fitar da ƙa'idojin gina coci dalla-dalla, har da rumfar furta zunubi mai ragar ƙarfe tsakanin limami da mai tuba.

San Fedele, wadda Pellegrino Tibaldi ya fara ginawa a 1569 domin 'yan Jesuit, wata ƙungiyar limaman Katolika, ta fito ne daga wannan tunani. Ana so wanda ke tsaye can bakin ƙofa ya ji wa'azi sarai, ya kuma hangi bagadi ba tare da wani ginshiƙi ya tare masa ido ba, domin a lokacin koyar da talakawa addini shi ne babban abin da ya dami shugabannin cocin.