Abincin mai jego a zafin Makka

Kin ce kin haihu a Makka, mama tana gida, kuma kina ganin nononki bai ƙosar da jariri. Barka da sauka lafiya, 'yar'uwa, Allah ya raya.

Ki fara da ruwa, don zafin garin nan yana busar da mutum. Ajiye gora inda kike shayarwa, jariri yana kama nono ke ma ki kurɓa. Mai shayarwa tana buƙatar ƙarin kalori wajen 500 a rana: kwanon ful (dafaffen wake) ko adas (wani irin ƙananan wake) da ƙwai, kofin laban (nonon shanu mai tsami), 'yan dabino. Hanta da nama suna maido da jini, amma kada ki bi su da shayi nan take, yana hana jiki ɗaukar sinadarin ayon (ƙarfe) mai ƙara jini. Kunun hulba ba laifi.

Kunun kanwa kuwa, ko gwaggo ce ta aiko da kanwar, ki rage shi sosai. Gishirinsa yana tayar da hawan jini, ya wahalar da zuciya.

Yawan sa jariri a nono ne ke kawo ruwan nono. In yana jiƙa kunzugu sau 6 a yini, nauyinsa kuma na ƙaruwa, to yana ƙoshi.